Shekarar Da Muka Rufe Mashaya

Bari in tona wa kaina asiri tun kafin wani ya riga ni. Ni Tanimu, mai furfura har a gira, mai jikoki cike da tsakar gida, ni ne na miƙe tsaye a ajin 'yan firamare a nan Yangoji, na ɗaga hannuwa biyu sama kamar ɓarawon da aka ritsa a rumbu, ina rantse wa wani ɗan allon gilashi cewa ban taɓa shi ba. Gilashi fa. Ba alƙali ba, ba ɗan sanda ba. Wanda ya ce muku har da hawaye ya ƙara gishiri, gumi ne. Amma rantsuwa kam na yi ta, da ƙarfi kuwa, har mai awara ta bakin titi sai da ta leƙo.

Daminar bana ce ta jawo mini. Ruwa ya sauka da wuri ya yaudare mu. Muka zuba masara, muka binne irin doya, dawa ta fito gwanin sha'awa, sai sama ta ɗauke kamar an murɗe famfo. Zafin ƙasar nan tamu ba mai ƙona fata ba ne, zama yake yi maka a ƙirji kamar buhun siminti. Da la'asar hadari ya haɗu a gabas ya yi baƙi ƙirin, mata su kwashe shanya a guje, a jera bokitai ƙarƙashin indararo, sai ya watse ya tafi ya zuba wa mutanen birni a kan kwalta, waɗanda ko barkono ba su shuka ba.

Rafinmu ya janye ya bar yashi. Gurbi ɗaya ya rage mai ruwa, a gindin wani tsohon maje, shi ya sa muke ce masa Gurbin Maje. Nan mata ke ɗiba in burtsatse ya ƙi, nan masu inji ke zuƙa su ceci masarar bakin rafi, nan kuma shanun rugar bayan tudu ke sha. Babban ɗana Sabi'u yana da inji, yana da masara. Shi da abokansa sun shiga sarar ƙaya suna tarawa, sun ce ran Juma'a in an sauko daga masallaci za su kewaye gurbin.

"Baba, shanun nan dagula ruwan suke yi, inji yana shan laka. Su nemi wani wuri."

Na ce, "Ina?"

Ya ce, "Wannan kuma su ta shafa."



Ana cikin haka mai unguwa ya aiko, wai baƙi sun zo daga birni za a yi wani wasa a firamare, manoma da makiyaya, akwai shinkafa da lemo. Ba zan yi muku ƙarya ba, shinkafar ce ta kai ni.

Wadda ke jagorantar abin wata 'yar boko ce, Malama Rukayya, ta ce ofishinsu yana wajen Jabi. Ta sa mu manoma a aji ɗaya, Fulani a ajin da ke maƙwabtaka, ta raba wa kowa allon gilashi kamar babbar waya. Ta ce allunan duk a haɗe suke, har da wasu mutane can a Tungan Maje da ke zaune a daidai lokacin, dukanmu muna cikin ƙauye ɗaya a cikin allon, abin da ɗaya ya danna yana shafar kowa. Sannan ta juya mana abin. Mu manoma aka ba mu shanu, Fulani aka ba su gonaki. Ba a sa sunan kowa ba, launi ne kawai. Ni aka ba ni garke mai shuɗin igiya a wuya.

Na duba allon. Ga rafi, ga tudu, ga gurbi da bishiya a kansa. Sai na janye hannuna daga kansa.

Ku fahimce ni. Mu mutanen gefen Abuja mun san ma'anar a zana maka gonarka. Da farko wasu za su zo da wani abu mai ƙafa uku suna leƙe, bayan nan ka ga an kafa dutse, bayan dutse sai katafila. Ruwa ba ya tsami banza. Na ce a raina, ba mai ɗauko janareta da shinkafa tun daga birni don kawai tsofaffi su yi wasa. Duk abin da na danna, can ofishin filaye yake tafiya, da shi za a yanke mana hukunci.

"Malama," na ce, "wannan ba rafinmu ba ne?"

Ta yi dariya. "Wallahi Baba zane ne kawai. Wane ƙauye ne ba shi da rafi? Ka saki jikinka, ba inda yake zuwa."

Na ce to da baki. Cikina bai ce to ba.

Ta nuna mana wuraren dannawa. Nan kiwo, nan mashaya, nan kasuwa, nan ƙaura zuwa nesa, nan jira. Akwai kuma wani mai hoton baki, in ka danna sai ka yi magana da mai gona, ya ji ka daga can ajin, ku daidaita. Wannan na ƙudurta ko da wasa ba zan taɓa shi ba. Muryata a hannun gwamnati? Ni da ban bar kowa ba a majalisar mai shayi, tun daga kansila har sama?

Da farko abin ya yi daɗi. Ruwa na sauka a allon, ciyawa kore shar, shanuna suka yi ƙiba har na fara raɗa musu suna. Ɗanladi, maƙwabcina ɗan Gbagyi, yana gefena yana fama da nasa da babban yatsa kamar mai dangwala ƙuri'a. Na ce masa in ya yi biyayya zan ba shi aron bijimi. Sai rana ta fito a allon, ƙatuwa, ta ƙi komawa. Ciyawa ta yi ja. Rafi ya tsuke ya koma gurbi ɗaya. A bakin gurbin akwai wani manomi mai jar hula, na ga ganyen masararsa yana naɗewa. Ban ankara ba sai ga shingen ƙaya ya fito ya zagaye ruwan.

Kowace saniya tana da ɗan layin ruwa a saman kanta. Nawa suka fara sauka.

"Tanimu," in ji Ɗanladi, "saniyanka ya rame. Ka yi masa magana da mai gonan nan mana."

Na danna jira.

Malama ta zo ta tsaya a kaina. "Baba, ga wurin magana nan. Ka gwada, wataƙila ya buɗe maka."

Na ce, "'Yata, mu ba mu da abin faɗa." Na sake danna jira.

Wani ɗan maraƙi ya kwanta bai tashi ba. Allon ya fara wani kuka a hankali. Sai na ga shanun sun ɗaga kai tare, sun juya wajen gurbin, sun fara tafiya. Hannuna yana kan cinyata. Na danna jira, na danna ƙaura, na danna kasuwa, na dafe allon da tafin hannu. Tafiya kawai suke yi. Nan ne na miƙe na yi rantsuwar da na gaya muku.

Ajin ya fashe da dariya, suna da gaskiya. Abin da ba su sani ba shi ne, ba tsoron gwamnati kaɗai ya tashe ni ba. Wannan tafiyar na taɓa ganin ta da idona, a kan wannan gurbin namu.

Shekaru ne da yawa, lokacin titin Lakwaja siriri ne, birnin ma ana kan fasa duwatsunsa. Ina sabon magidanci, matata Lami tana goye da Sabi'u. Waccan shekarar ma haka ruwa ya yi mana, ya zo da wuri, muka yi gayya gona bayan gona da kiɗa, sannan ya ɗauke. Ganyen masara ya naɗe kamar taba. Yaɗon doya ya rataye a jikin sanduna kamar tsumma. Ƙasa ta tsage har kana iya tura yatsu, gara ta fito tana cin abin da ya rage. In ka taka gona da rana ba takalmi, sai ka yi rawar da ba a yi maka kiɗa ba.

Yunwa ba ta shigowa da sallama, a hankali take zama. Lami ta fara da rage tuwon rana, ya koma na magariba kaɗai. Kokon safe ya tsinke har kana ganin gindin ƙwarya. Da rumbu ya fara amsa kuwwa in an leƙa, sai muka koma garin ɗorawa, a jiƙa a sha, gari duk bakin yara ya yi rawaya. Bayan nan tafasa da rama, ba ƙuli ba mai, gishiri kawai. Abin da ya fi kunya shi ne tonon iri. Da rana tsaka, lokacin da kake zaton ba kowa a daji, ka lallaɓa ka tono doyar da ka binne da hannunka, ta yi taushi ta fara ɗaci. Ka ɗago kai sai ka ga maƙwabcinka a tasa gonar da ƙasa a hannu. Ku gaisa, ku dubi sama tare, kowa ya ce ya zo duba gara ne.

Mun fita roƙon ruwa, riguna a juye, da yara da tsofaffi. Mutanen coci suka yi nasu, tsofaffin Gbagyi suka hau dutse suka yi nasu. Kowa ya dawo yana satar kallon gabas, a ga addu'ar wa za ta riga isa. Na ce wa liman ko mu haɗa kai ne a yi gayya, tunda kowa shi kaɗai ya kasa. Bai yi dariya ba.

Ruwan sha kuwa, mata tun asuba suke fita su haƙa yashi da ƙoƙo, su zauna su jira ya tsattsafo. Lami takan dawo hantsi da rabin tulu, ta zuba a randa ta ɗora dutse a kan murfin saboda ni. Daga baya yashin ma ya bushe. Ya rage Gurbin Maje, mu da shanu.

A rugar bayan tudu ina da aboki, Ja'e, sa'ana ne. Da rani yakan kawo garkensu su kwana a gonata su bar mini taki, ni in bar masa kara da harawa. Yana ce mini Kaɗo, yadda Fulani ke kiran Bahaushe, ina ce masa ɗan daji, in ya shigo gari a gidana yake alwala. A waccan shekarar matansu suka daina kawo nono, don ba nonon. Shanun tozo ya faɗi, haƙarƙari a fili kamar tsani.

Ruwan gurbin ya koma kore, yana warin fitsarin dabba. Yara suka kama gudawa. Sabi'u yana kuka ba hawaye, maɗigarsa ta faɗa. Da aka binne yarinyar wani maƙwabcinmu, daga maƙabarta ba wanda ya wuce gida, aka zauna a inuwa aka yanke a rufe gurbin. Ba wanda ya ce mugunta ce, kuma har yau ban ce mugunta ce ba. Sai dai ba wanda ya taka zuwa ruga ya faɗa musu. Muka sari ƙaya da gayya, muka kewaye ruwan, muka bar 'yar ƙofa ta mai tulu. Aka ce a sa masu gadi. Da yake gonata ta riga ta mutu ba ni da aikin yi, aka ba ni aron adda aka ce in zauna.

Washegari da hantsi sai ga Ja'e da garke. Ya tsaya ya daɗe yana kallon ƙayar.

"Kaɗo, wannan fa?"

"Maganar manya ce."

"Yaranmu ma wannan ruwan suke sha. A bar mu mu haƙa rami a gefe, mu riƙa ɗebowa muna zuba musu, ba sai sun shiga ba. In mata sun gama, ko da rana tsaka ne."

Na ce ni gadi aka ba ni, ba baki ba. Na ma ƙara da cewa ya gaya wa shanun su yi azumi, akwai lada. Juya saniya mai ƙishi bayan ta ji ƙamshin ruwa ba ƙaramin aiki ba ne. Na ga Bafulatani yana dukan shanunsa a fuska, abin da ban taɓa gani ba. Suka tafi neman ruwa sama da rafi. Ba su samu ba.

Daga nan sai kukan ya fara. Wanda bai taɓa jin kukan ƙishi ba yana zaton ya san kukan saniya. Wannan dogo ne, a dishe, yana karyewa a ƙarshe kamar na mutum. Daga bayan tudu yake zuwa, wuni guda, bai tsaya ba, washegari ma haka. Gari ya yi tsit. Ba daka, ba wasan yara, sai ƙarar wasa adda a kan dutse daga wannan gida zuwa wancan. Aka ce Fulani sun aika a kira danginsu da kwari da baka. Wa ya gani? Ba kowa, amma kowa ya ji. Lami ta ɗaure tukunya da zannuwa a ƙunshi ɗaya ta ajiye a bakin ƙofa. In na tashi fita gadi sai ta riƙe mini hannun riga. Ni kuwa a gindin majen nan nake wuni, ko ƙadangare ya motsa ganye sai na miƙe.

Ranar da abin ya faru rana ta take, ko ganye ba ya motsi. Sai wata 'yar iska ta taso daga kan ruwan ta nufi tudu. Na ji daɗinta a wuyana. Ban san ita ce 'yar aiken ba.

Kukan ya tsaya. Shirun ya fi kukan ban tsoro. Sai na ji ƙasa tana amsawa a tafin ƙafata.

Suka ɓullo ta kan tudu. Ba gudu suke yi ba, tafiya ce, kai a ƙasa, harshe a waje, kafaɗa da kafaɗa. Kuma ba makiyayi ko ɗaya a bayansu. Duk a gaba suke, suna ja da baya, suna dukan hanci, suna ihu, shanun na ture su kamar ciyawa. Na kwarma ihu ni ma. Kafin ka ce me, mazan gari sun iso da adduna da gora, wani tsoho har da bindiga harba-ka-ruga. Suka jeru a bayan ƙayar. Kowa a wurin ya san lissafin ba sai an faɗa ba. In shanu suka karya shinge za a sare su, in aka sari saniya ɗaya kuwa, jinin da zai biyo baya ba na dabba ba ne.

Ja'e ma ya sani. Ya rugo ya sha gabansu, ya tsaya a daidai 'yar ƙofar nan, ƙaya a bayansa, ya riƙe sanda a gicciye da hannu biyu. Yana kiran su da sunayensu ɗaya bayan ɗaya da Fulatanci, yana waiwayowa yana ce mana, "Ba mu muka koro su ba! Wallahi ba mu ba ne! Kar ku sara!"

Ni kuwa, mai gadi, jarumin gari, ban san lokacin da na tsinci kaina a kan majen ba. Addar aro tana ƙasa, takalmi ɗaya yana ƙasa. Maje ba bishiyar hawa ba ce, amma ranar na gane ƙafa tana da ilmin da kai bai sani ba.

Daga sama na ga komai. Farin bijimin da Ja'e ya raina da hannunsa tun uwarsa ta mutu, shi ne a gaba. Ya ɗan tsaya da ya ji sunansa. Na bayansa suka turo shi. Bai soke shi ba, ƙirji kawai ya sa masa. Ja'e ya faɗi a kan ƙayarmu, garken ya bi ta kansa. Na ji ƙarar ƙashi kamar an taka busasshen kara.

Ba wanda ya ɗaga adda. Ta yaya za ka sari saniyar da mai ita ke kwance ƙarƙashinta yana kare maka shinge? Muka tsaya, su da mu, muna jin ƙarar shan ruwa. Suka sha har gurbin ya koma taɓo.

A kan asabari muka ɗauke shi, Hausawa da Fulani da Gbagyi, zuwa gidan mai ɗori. Jikinsa duk ƙaya, ƙafar tana lilo. Bai yi kuka ba. Da ya buɗe ido ya gan ni a gefen asabarin, sai ya ce, "Kaɗo, maruƙan sun samu?"

Da gari ya waye aka haƙa rami a gefen gurbin, aka fafe wani gungume aka ajiye, ana ɗebowa da guga ana zubawa. Mutane da safe, shanu da rana. Abin da ya roƙa ke nan tun ran farko, sai da ya biya da ƙafa aka ba shi. Ruwan sama bai zo a makon ba, bai zo a na gaba ba. Da ya tashi zuwa da rana ya zo, manyan ɗigo masu zafi, ƙamshin ƙasa ya cika hanci. Lami ta kwance ƙunshinta ta fitar da tukunyar ta tara. Masara ta riga ta tafi. Muka sake zuba dawa, muka samu abin da ya kai mu kaka da ƙyar. Sabi'u ya rayu, ga shi nan har da inji.

Bana ba mu kai ga tonon iri ba. Akwai taliya a kanti, akwai ruwan leda, in yaro ya yi gudawa akwai kemis. Amma burtalin da shanu ke bi su zagaya sama da rafi yanzu gidajen bulo ne. Taki a buhu muke saye, shanu sun daina kwana a gonarmu, don haka yaranmu ba su san sunan yaransu ba. A da sai jita-jita ta taka da ƙafa daga gida zuwa gida, yanzu kafin ka ɗaura wando ta zagaye wayoyin gari da hoton gawar da ba a san ta ina ba ce. A da adda ce da gora. Yanzu abin da ke ƙarƙashin katifun samari, namu da nasu, ban sani ba, ba na kuma son in sani.

Duk wannan ne ya taso mini ina tsaye a aji, hannuwa a sama. Malama Rukayya ta jawo mini benci.

"Zauna Baba, ba laifinka ba ne. Haka aka tsara shi. Dabba in ƙishi ya kai mata wuya ba ta jiran a danna mata komai. Makiyaya ne ma suka ce mu sa hakan a ciki."

A allon shanuna sun tattake masarar mai jar hula. Wata alamar wuta ta fito a kan ƙauyen, kasuwa ta rufe, hanya ta rufe, kowa ya yi asara har wanda ba ruwansa. Ɗanladi ya jefar da hularsa a kan tebur. "Ni ban yi faɗa da kowa ba, yanzu saniyana ba ya sayuwa!" Wata murya ta fito daga allunan, ta wani mutumin Tungan Maje, yana cewa, "Wai wane ne mai shuɗin shanun nan? Oga, ka kashe mu! Bakinka ciwo yake yi?"

Aka sake wasan daga farko. Wannan karon mutane suka yi ta magana ta wurin bakin nan, ana ciniki, ana zagi kaɗan-kaɗan, wasu suka raba lokacin ruwa, wasu suka haƙa rijiya tare, wuta ba ta fito ba. Ni ban sake taɓawa ba. Na zauna da hannuwa a hammata, rigata ta manne a bayana.

Bayan azahar aka tara mu duka a inuwar mangwaro, aka raba shinkafa. Malama ta ce kowa ya faɗi launinsa a san juna. Da na ce shuɗi aka yi mini ihu. Da ta ce jar hula, sai wani tsoho ya dafa sanda ya miƙe a hankali daga cikin Fulani, yana jan ƙafar hagu. Ja'e ne. Mun yi shekaru ba mu zauna wuri ɗaya ba, sai dai hannu daga nesa ran kasuwa.

"Kaɗo," ya ce, "ashe kai ne. Ai da na sani. Wa zai kashe maraƙi don tsabar taurin kai in ba kai ba?"

Na ce, "Kai kuma ɗan daji, yini ɗaya aka ba ka gona har ka koyi sarar ƙaya?"

Aka yi dariya, shi ma ya yi. Sannan ya dubi Malama.

"Yarinya, abin nan naku ba shi da kirki. Masarar ƙarya ce, na sani. Amma da na ga ganyenta yana naɗewa sai na ji kamar ɗana ne ke zazzaɓi. Ban san sa'ad da na danna ƙayar ba." Ya juyo gare ni. "Na danna, sai na zauna na kasa kunne ina jira ka yi magana. Da ka ce uffan da na buɗe."

Na ce tsoron gwamnati nake yi kar ta ɗauki muryata. Ɗanladi ya ƙware da shinkafa don dariya.

Malama ta dubi taron ta tambayi mai unguwa ina samari. Gaskiya ne, duk masu furfura ne a inuwar. Sabi'u ya ce shi ba ya wasan yara, ya tafi sayen man inji. 'Ya'yan Ja'e suna daji da shanu suna neman ciyawa. Ta ce ba komai, za su dawo wata mai zuwa musamman don matasa. Na buɗe baki in ce mata Juma'a ta fi wata mai zuwa kusa, sai na ga mutane da yawa, na rufe.

Shinkafar da na zo dominta ban iya ci ba, na ƙulle ta a leda. Muka fito tare da Ja'e, yana jan ƙafa ina rage sauri. Gabas ta yi baƙi kamar kullum, mu biyu ba wanda ya ɗaga kai ya duba. A ƙofar makarantar ya tsaya ya jingina da sandarsa.

"An ce ɗanka ne ke tara ƙaya."

Na ce yara ne, ka san halinsu.

Abin da ya faɗa bayan nan ban amsa masa ba. Na yi kamar ina gyara ledar shinkafa har mai babur ya zo ya ɗauke shi. Yau Laraba, ruwa bai sauka ba, kuma har yanzu ban amsa ba. Ga abin da ya ce:

"Waccan shekarar ni na tsaya gaban nawa, kana kan bishiya ka gani. Ƙafar ta ƙare, Tanimu, ba ni da wata. Ran Juma'a kai za ka iya tsayawa gaban naka?"